Ragon Suna da Fitilar Inji

A garin Mayahi akwai wata yarinya mai rawar kai. Tana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Ba ta da mugun hali, amma ba ta iya jira ba. In aka ce mata "sai an jima," ji take kamar an ce "sai baɗi."

Babanta ɗan kasuwa ne. Yana sayen wake da gero a ƙauyuka, ya kai Tasawa ko Maradi. Yana da wata farar mota ta hannu. Ta ɗan tsufa, amma Baba yana kula da ita ƙwarai.

Kullum da safe yakan tada motar, ya bar inji ya yi ɗumi. Sai ya koma ciki ya sha kununsa. Ita kuma yarinyar ta ɗauki tsumma ta goge gilasai, ciki da waje. Wannan shi ne aikinta.

Ana cikin damina, lokacin hutu, sai matar Kawu Lurwanu ta haihu. Kawu Lurwanu ƙanen Inna ne, wato mahaifiyar yarinyar. Yana zaune a ƙauyensu, can gaba da Attantane. Mace aka samu, kuma ita ce haihuwarsa ta fari.

Kawu ya kira Baba a waya.

"Yaya, ka taimake ni," in ji shi. "Ragunan nan duk sun rame. Ka sayo mini mai kyau a kasuwar Mayahi."

"An gama," in ji Baba.

"Amma ku yi sammako ranar suna. Ka san noma ake. Mutane ba za su zauna jira ba."

"Kada ka damu. Kafin liman ya zauna mun iso."

Ana gobe suna Baba ya sayo ragon. Ƙato ne, fari mai baƙin wuya, ga kuka kamar an taka masa wutsiya.

Yarinyar ta fi kowa ɗoki. An ɗinka mata sabuwar atamfa. An sa mata lalle hannu da ƙafa. Ta gaya wa duk ƙawayenta cewa ita za ta tsaya bakin zaure. Da an faɗi sunan, ita za ta ruga cikin gida ta gaya wa mata.

Ranar suna, ana idar da sallar asuba, Baba ya tada mota. Ya ɗaure ragon a baya, inda ake sa buhuna. Sannan ya shiga ciki ya sa babbar rigarsa.

Yarinyar ta shiga motar da tsummanta. Ta goge gilashin gaba. Ta sunkuya za ta goge ƙaramin gilashin da ke bayan sitiyari, inda allurai masu nuna gudu da mai suke. Sai hannunta ya tsaya.

Can a kusurwa, wata 'yar fitila tana ci. Ruwan ɗorawa ce. Siffarta kamar ɗan famfo mai ƙafafu.

Ta san fitilar nan sarai.

Ta taɓa kamawa da ƙaramar Salla, ranar da za su je Tasawa gaishe da Gwaggo. Baba na ganinta ya ce babu tafiya. Ya kai motar garajin Salifu. Aka yini a can. Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura.

"Ke kuma!" in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Duk kwanakin duniya ba ki kama ba sai yau?"

Ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Fitilar ba ta mutu ba. Ta hura mata iska. Tana nan. Ta rufe ido ta buɗe. Tana nan dai, tana ci abinta.

Ta kasa kunne. Inji yana ta ƙara kamar kullum.

"Lafiyar motar ƙalau," ta ce a ranta. "Fitilar ce dai mai neman fitina. Ai ba ja ba ce ma. In mun dawo sai in gaya wa Baba."

Ta leƙa ƙofar gida. Ba kowa. Ta ninke tsumman, ta ƙara ninkewa. Ta cusa shi a kusurwar, daidai kan fitilar. Dama wani lokaci nan Baba yake ajiye shi.

Inna ta fito da ƙullin kayan barka da babban kwano na cincin.

"Malam, don Allah mu tafi," in ji ta. "Gari fa ya waye."

Baba ya shiga, ya yi bisimilla. Inna ta zauna gaba. Yarinyar ta zauna baya, ragon yana huci a ƙeyarta.

Suka bar gari. An yi ruwa da dare, hanya duk taɓo. Gero ya yi kore shar dama da hagu.

Ba su yi nisa ba gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki. Baba ya miƙa hannu wajen tsumma.

Yarinyar ta zabura. "Baba! Ga hankicina!"

"Sabon hankicin naki?"

"Ba komai, Baba. Ya fi tsumman tsabta."

Baba ya karɓa ya goge. "Yau kuma ɗiyata an zama mutanen kirki," in ji shi, yana dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta koma ta lafe a kujera. Ragon ya miƙo baki ya kama bakin ɗankwalinta yana tauna.

"Inna, kin ga ragon nan ko!"

"To matsa mana. Ni mi zan yi masa daga nan?"

Sun kusa Attantane sai motar ta yi wani irin abu, kamar mai shaƙuwa. Ta fizga, ta saki. Kwanon cincin ya kusa kifewa.

"Lafiya?" in ji Inna.

Baba ya ɗan dubi wajen allurai. "Ikon Allah. Ban ga komai ba. Da matsalar inji ce, da fitila ta gaya mini."

Yarinyar ta kau da kai wajen taga.

"To mi ne ne?" in ji Inna.

"Esansi ne, man kwalbar nan da na zuba wa mota jiya. Yaron da ya sayar mini ya haɗa shi da ruwa. Bari mu dawo, zai gamu da ni."

Suka wuce Attantane. Hanya ta ƙara lalacewa. Motar tana ta tsalle a kan gargada. Shaƙuwar ta dawo. Ta ƙara dawowa. Duk lokacin da ta yi, sai yarinyar ta dubi tsumman.

"Yanzu zan faɗa," ta ce a ranta. Sai kuma ta ce, "A'a, saura kaɗan mu isa."

Ba su isa ba. A tsakiyar gonaki motar ta yi tari, ta yi shiru. Ta ɗan gangara, ta tsaya cak a cikin taɓo.

Baba ya murɗa makulli. Inji ya juya, bai kama ba. Ya sake murɗawa. Haka dai.

"Inna lillahi," in ji Inna. "Malam, kada ka yi mini haka."

"Ni na yi miki? Ni ne motar?"

Ya fita ya buɗe kapo, murfin inji. Ya leƙa inji ta nan, ya leƙa ta can. Ya taɓa kan batir. Ya duba ruwa, ya duba mai. Komai yana nan daidai.

"Ku fito ku tura," in ji shi.

"Da sabon leshina?"

"To ki zauna, ragon ya tura."

Inna ta fito tana tsaki. Ta ɗaure gyale a ƙugu. Ita da yarinyar suka dafa bayan motar suna nishi. Motar ta motsa kaɗan, ta dawo. Ƙafar yarinyar ta zame. Ta faɗi da gwiwa a cikin taɓo. Sabuwar atamfa ta yi dumu-dumu.

"Madalla," in ji Inna. "Ga kwalliya ta ƙare."

Rana ta fara ɗagowa. Ragon yana ta kuka a cikin motar. Baba ya ce zafi ne ya dame shi. Ya buɗe ƙofar baya, ya kwance igiyar don ya ɗaure shi a waje.

Ragon yana jin ƙasa ya fizge. Ya yi tsalle ɗaya, ya faɗa gonar da ke bakin hanya.

"Ku tare shi!" in ji Baba.

Ya tattare babbar riga ya bi shi. Ragon ya ratsa gero. Ya tsaya ya yagi ganyen wake. Baba na matsowa, ya ƙara gaba. Hular Baba ta faɗi. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka.

Sai ga wata murya daga tsakiyar gonar.

"Kai! Kai! Wane ne mai rago? Waken nawa za ku ƙarar?"

Wani dattijo ne da hauya a kafaɗa. Sunansa Talle, shi ne mai gonar. Ya taka igiyar da ƙafa, ragon ya tsaya. Ya jawo shi bakin hanya yana faɗa.

"Ni na shuka, ku ku kawo mai ci! Daga ina kuke ma?"

Baba ya ba shi haƙuri, yana haki. Ya gaya masa ragon suna ne, kuma mota ce ta lalace.

"Sunan gidan Lurwanu?" in ji Talle. "Ashe ku ake jira! Ai tun ɗazu na ga mutane suna wucewa can."

Jin haka sai Inna ta dafe kai.

"Ka ji ko, Malam? Ka ji? Ƙanena guda, haihuwarsa ta fari. Na ce maka ka kai motar nan garaji jiya."

"Yaushe kika ce?"

"To ko ban ce ba, ai kai ya kamata ka sani."

"Jiya lafiyarta ƙalau! Yau da safe ma lafiyarta ƙalau!"

"Ga lafiya nan muna gani."

Yarinyar tana tsaye gefe. Ba ta taɓa jin Baba da Inna suna ɗaga wa juna murya haka ba. Idonta ya cika da hawaye.

Baba ya ciro waya zai kira Kawu. Babu rezo, waya ba ta kamawa. Ya ɗaga ta sama, ya zagaya motar. Babu. Talle ya nuna masa wani suri a gefen gona.

"Hau can. Nan muke samu."

Baba ya hau surin, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ya ɗaga murya yadda kowa ke ji.

"Alo! Lurwanu! Muna hanya... Mota ce... Na sani, na sani... Liman ya zauna? To ka ba shi haƙuri... Su wa suka tashi? Ka ce su ɗan ƙara jira!"

Daga nan ya kira Salifu makanike. Ya kwatanta masa inda suke. Ya sauko fuskarsa a murtuke.

Hannuwansa duk baƙin mai da laka. Ya leƙa cikin motar ya jawo tsumman. Sai ya tsaya. Ya dubi yadda aka ninke shi. Ya dubi kusurwar da ya fito.

Ya juyo a hankali.

"Wa ya cusa tsumman nan a kan fitilar inji?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ke nake tambaya," in ji Baba. "Ke kika goge mota."

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba. Na ga ta kama tun a gida. Na ji tsoro kada ka ce an fasa tafiya."

"Tun a gida?"

"E, Baba."

"Shi ya sa kika ba ni hankici?"

Ta gyaɗa kai.

Baba ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu sama, ya sauke. Ya yi tafiya har bakin gona, ya dawo.

"Kina zaune a bayana," in ji shi. "Kina ji ina zargin yaron mutane da zuba ruwa a esansi. Kina ji mota tana shaƙuwa. Kika yi shiru!"

"Na ce ko za mu isa..."

"To mun isa? Dubi inda muke. Mun isa?"

Inna ta riƙe haɓa. "Ni yau na ga ta kaina. Ke yanzu da wane ido zan kalli dangina? In ce musu mi? In ce ɗiyata ce ta rufe fitila da tsumma?"

Talle ya yi gyaran murya.

"Faɗa ba zai kai rago ba," in ji shi. "Ina da amalanke can ƙarƙashin aduwa. Jakin ba shi da sauri, amma yana zuwa."

Ya tafi ya ɗauro jakin. Aka ɗora ragon, aka ɗaure shi tam. Aka ɗora ƙulli da kwanon cincin. Inna ta hau ta zauna a gefe.

Yarinyar ta ɗaga ƙafa za ta hau.

"Ina za ki?" in ji Baba.

"Suna, Baba."

"Sauko. Nan za ki zauna tare da ni. Abin da kika rufe, sai kin ga an buɗe shi da idonki."

"Baba, don Allah! Inna, ki sa baki!"

"Kada ki kira sunana," in ji Inna. "Malam Talle, mu tafi."

Amalanke ya kama hanya, ƙiiƙi-ƙiiƙi. Yarinyar tana kallo har gero ya ɓoye su. Kukan ragon ne ya daɗe ana ji.

Rana ta yi zafi. Cikin motar ya zama kamar tanda. Itace ɗaya ne kusa da su, shi ma gawo ne. Gawo kuwa ba ya ganye da damina. Suka zauna a gindinsa, inuwar rassa tana zane a jikinsu.

Ƙudaje suka dame su. Taɓon da ke jikin atamfa ya bushe ya yi tauri. Yunwa ta kama ta, ga cincin ya tafi da Inna.

Baba ya je ya ciro takalmin da ya maƙale a gona, ya dawo. Yana ta kankare laka daga takalminsa da tsinke.

Can ta ce, "Baba, yanzu an raɗa sunan?"

"Ina zan sani? Ina nan tare da ke."

Sai a lokacin ta tuna shi ma ya rasa sunan. Shi da ya yi alkawari zai iso kafin liman ya zauna.

"Baba, ka yi haƙuri."

Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Ba motar ce ta fi ɓata mini rai ba," in ji shi. "Mota takan lalace. Amma ni ina tuƙi, na yarda da abin da idona ke gani. Na ɗauko ke, na ɗauko innarki. Da abin ya fi haka fa? Da a kan babbar hanya ta mutu, babbar mota tana bayanmu?"

Yarinyar ba ta taɓa tunanin wannan ba.

Rana ta kusa tsaka sannan suka ji ƙarar moto, wato babur. Salifu ne, da jakar kayan aiki a bayansa. Wandonsa duk laka har gwiwa.

"Maigida, wace irin hanya ce wannan?" in ji shi. "Na bar motoci a garaji, na bar shayina a wuta. Mi ya faru?"

"Tambayi ɗiyarka," in ji Baba.

Da kanta ta ba shi labari, kanta a ƙasa. Salifu ya saurara har ƙarshe. Ya cire hula ya sosa kai.

"Tsumma," in ji shi. "Na ga masu cire ƙwan fitilar. Na ga masu manna mata takarda. Yau ga mai tsumma. Zo nan ki gani."

Ya ciro wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana. Ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari. Ya murɗa makulli, ya duba wayarsa.

"Mi ne ne wannan, Tonton?" in ji yarinyar. Haka take kiran Salifu, wato baffa.

"Wannan ita ke jin maganar mota. Kin ga, a cikin inji akwai 'yan abubuwa masu sa ido. Wani yana kula da iska. Wani yana kula da esansi. Wani yana kula da juyin inji. In ɗaya ya ga abin da ba daidai ba, sai fitilar nan ta kama."

"To ita fitilar tana faɗin abin da ya lalace?"

"A'a. Ita dai cewa take, akwai matsala, a duba ni. Sai an sa na'ura sannan a san wurin."

Ya ƙara duban wayar. Ya zagaya gaban motar, ya zura hannu can ƙasan inji. Ya lalubo, ya lalubo. Sai ya fito da tarin ɓawon wake da yagaggiyar leda.

"Maigida, kana da ɗan haya," in ji shi. "Ɓera ya yi ɗaki a motarka."

Ya jawo wata siririyar waya. Ta rabu biyu. Ga sawun haƙora a jikinta.

"Kin gani? Ɓera ya ci ta, amma bai gama cinye ta ba. Da safe tana riƙe da ɗan kaɗan. Shi ya sa fitila ta kama, inji kuma yana aiki. Da kuka hau gargada, sai ta yi ta girgiza har ta tsinke. Ita ce ke gaya wa mota yadda inji ke juyawa. In babu ita, mota ba ta tashi."

Ya fere bakin wayar. Ya haɗa, ya murɗe, ya naɗe ta da kyau. Kafin yarinyar ta gama kallo har ya gama.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Shi ke nan."

"Ɗan wannan aikin?"

"Ɗan wannan. Da kun biyo ta garaji da safe, kafin shayina ya tafasa na sallame ku. Da kun riga liman zuwa."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Amma Tonton," ta ce a hankali, "na ga ba ja ba ce. Na ɗauka ba ta da haɗari."

"To saurara da kyau. In ruwan ɗorawa ce kuma tana ci tsaye, ana nufin a kai mota wajen makanike da wuri. Kada a kama doguwar hanya ba a duba ba. In tana ƙiftawa, tana kamawa tana mutuwa, to abin ya yi tsanani. A nemi gefen hanya a tsaya. In kuwa ja ce ta kama, ta mai ko ta zafi, a kashe inji nan take."

"Kullum babbar matsala ce?"

"Ba kullum ba. Wani lokaci murfin tanki ne ba a rufe da kyau ba. Wani lokaci buji ne, mai ba inji wuta, ya gaji. Wani lokaci kuma abu ne da zai kashe inji gaba ɗaya. Ni kaina ba na sani sai na duba. Balle ke da tsummanki."

Baba ya yi dariya, ta farko tun safe.

Salifu ya danna wani abu a wayarsa. Ya ce wa Baba ya tada. Baba ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya kama nan da nan. Fitilu duka suka kama, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta zura ido a kusurwar nan. Ita ma ta mutu.

"Alhamdu lillahi!" in ji ta, har da tsalle.

"Ka zo da ita gobe in canza wayar gaba ɗaya," in ji Salifu. "Kuma ka nemi kyanwa."

Baba ya ce Salifu ba zai koma da yunwa ba, sai ya bi su ya ci naman suna. Salifu ya taimaka suka fitar da motar daga taɓo. Ya bi su a baya da motonsa.

Sai bayan azahar suka shiga ƙauyen. Ƙofar gidan Kawu ba kowa, sai tabarmi da ɓawon goro. Maza duk sun tafi gona. Wasu yara suna wasa a bakin zaure.

"Sunan jaririya Rukaiya!" suka faɗa wa yarinyar, tun ba ta tambaya ba.

Ashe har yara sun riga ta ji.

Kawu Lurwanu ya fito. Ya gaisa da Baba da Salifu. Ya ce sai da hantsi ya yi sosai amalanke ya iso. Rabin mutane sun riga sun watse. Liman ma don kunya ya zauna.

Yarinyar ta durƙusa a gabansa.

"Kawu, laifina ne. Ni na ɓoye fitilar. Ka yafe mini."

Kawu ya dube ta. Ya dubi atamfar da ta yi tauri da laka.

"Da safe na ji haushinki ƙwarai," in ji shi. "Na yi ta fita ina leƙen hanya kamar mahaukaci. Amma ga shi kin zo kin faɗa da bakinki. Tashi, na yafe. Shiga ki gaida kakarki."

A cikin gida mata suna ta suyar nama. Ƙamshi ya cika ko'ina. Kaka tana zaune a ƙofar ɗaki. Tana ganinta ta kama baki.

"Ga mai tsumma nan! Zo nan, 'yar nema. Ke kika sa uwarki ta shigo garinsu a kan amalanke, rago yana yi mata fitsari a leshi?"

Mata suka kwashe da dariya. Inna ta so ta ɗaure fuska, amma ta kasa. Ita ma ta yi dariya har da hawaye.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji yarinyar.

"Na haƙura. Je ki wanke jikin nan, ki ari zane wajen Shamsiyya."

Shamsiyya ɗiyar maƙwabta ce, sa'arta. Ta ba ta zane da riga. Da ta yi wanka, Kaka ta jawo wani ɗan kwano daga bayanta. Hanta ce da ta ajiye mata. Yarinyar ta ci, ta sha fura, hankalinta ya dawo.

Sannan aka kira ta ɗakin mai jego. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Aka ɗora mata Rukaiya a cinya. 'Yar ƙarama ce, mai gashi baƙi wuluk. Ta kama yatsan yarinyar ta riƙe gam.

"Sannu, Rukaiya," in ji ta. "Ni ce yayarki. Na makara, amma na zo."

Da la'asar maza suka dawo daga gona. Aka sake shimfiɗa tabarmi. Baba ya zauna cikinsu, aka yi wa jaririya addu'a tare da shi. Aka aika wa Talle cinyar rago har gonarsa.

Tun daga ranar yarinyar ta gane abu guda. Rufe matsala ba ya kawar da ita, ƙara mata girma yake yi. In ka ga alamar wani abu ba daidai ba, a mota ko a gida ko a jikinka, ka gaya wa manya nan da nan. Ko da faɗin zai sa ka jira, jiran ya fi sauƙi.